Tambayoyin da ake yawan yi min a Zariya kan lafiya, damuwa da tsaron gida

Ni dai ma'aikacin lafiya ne a wani ƙaramin asibitin unguwa nan Zariya, ba babban likita ba, amma kun san halin mutanenmu, da zarar an ganka da farar riga sau ɗaya shikenan ka zama dakta har a wajen ɗaurin aure. A majalisa a tambaye ka, bayan isha'i a ja ka gefe a bakin masallaci, matan unguwa kuma su aiko ta bakin uwargida. Na lura tambayoyin kusan iri ɗaya ne suke ta dawowa, kuma abin da ke damuna yawanci sai abu ya yi nisa ake yinsu, bayan an ɓoye an ɓoye an sha jiƙe-jiƙe an gaji. Shi ne na tara su a nan yadda aka yi min su, na cire sunan kowa.

Malam ni fa lafiyata ƙalau, ba ciwon kai ba jiri, me zai kai ni awon hawan jini?

To ai nan matsalar take Alhaji. Hawan jini ba ya sallama, mutum zai yi shekara biyar da shi yana zuwa kasuwar Sabon Gari kullum yana harkarsa, ranar da zai sani sai ranar da baki ya karkace ko hannu ya ƙi ɗaguwa, sai a ce iska ta buge shi ko an yi masa jifa. Idan aka auna ka aka ga 140 bisa 90 ko sama da haka, aka sake aunawa wata rana aka ga haka, to kana da shi ko kana jin wani abu ko ba ka ji. Awon kuma bai kai minti biyar ba, kusan kowane kemis mai hankali yana da na'urar. Ka zauna ka huta tukuna kafin a ɗaura maka, kada ka sauko daga kan mashin cikin rana a auna ka nan take.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne masu fara magani su daina. Wata ɗaya ya ga jinin ya sauka sai ya ce ya warke, alhali maganin ne ya saukar da shi. Ku je asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) da ke Shika ku ga masu jiran wankin ƙoda, da yawansu hawan jini ne da ciwon suga da aka yi wa sakaci suka kai su can, kuma kuɗin wanki ɗaya ya fi kuɗin maganin watanni. Gishiri kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce giram 5 a rana, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ɗaya ba, mu kuwa a tukunya ɗaya ga gishiri ga dunƙule huɗu biyar ga kanwa, a zo kan faranti a ƙara yaji mai gishiri. Ba na ce Hajiya ta yi miya lami ba, a rage ne a hankali, daddawa da albasa da citta su cike gurbin, bayan sati kaɗan harshe zai saba.

Suga ma haka, a auna da safe kafin a ci komai, in ya kai 126 ko 7 a ɗaya ma'aunin to a je a ga likita.

Yaro ya yi zazzaɓi, ba sai in je kemis a haɗa min ba? Ai maleriya ce da taifot.

Wannan haɗin da ake ƙullowa a leda, ja da fari da ruwan ɗorawa, ko mai shagon wani lokacin ba zai iya faɗa miki me da me ya zuba ba. Ba kowane zazzaɓi ne maleriya ba. Akwai gwajin da ake ɗan tsaga yatsa, cikin minti 15 zuwa 20 ya nuna, ki sa a yi shi tukuna. In ita ce, maganin kwana 3 ne kuma a shanye shi duka ko da yaro ya tashi yana wasa a rana ta biyu. Taifot ɗin nan da ake liƙa wa kowa kuwa, gwajin da aka fi yi a ƙananan lab yana yawan nuna akwai alhali babu, sai a ɗora wa mutum maganin kashe ƙwayoyin cuta na banza, ranar da ciwon gaske ya zo maganin ya daina ji.

Amma akwai lokacin da ba a tsayawa kemis sam. Yaro yana jijjiga, ko ya ƙi nono ya ƙi ruwa, ko duk abin da ya sha sai ya amayar, ko numfashi na fita da sauri haƙarƙari na lotsawa, ko tafin hannunsa ya yi fari fat, ko wuya ya sanƙare musamman lokacin zafin Maris da Afrilu, ɗauke shi ki tafi asibiti ko da tsakar dare ne. Kuma don Allah a daina cusa cokali a bakin yaro mai jijjiga ko ɗura masa manja, a kwantar da shi ta gefe kawai. In gudawa ce, kafin a isa asibiti a dama ruwan gishiri da suga na leda, in babu a samu lita 1 na ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na suga, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Masu bin gida-gida da damina suna raba wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar maganin kariya daga maleriya, a buɗe musu ƙofa.

Tari ya fi sati biyu, ga rama ga zufa da dare.

A je a ba da majina a gwada tarin fuka. Gwaji da magani kyauta ne a asibitocin gwamnati, magani wata 6 ne, kuma mu 'yan Zariya ba mu da uzuri, cibiyar ƙasa ta horaswa kan tarin fuka da kuturta tana nan Saye.

Yaya, surukata ta ce dole in yi wankan jego da tafasasshen ruwa in sha kunun kanwa har arba'in, ni kuma ƙafafuna sun kumbura.

Ƙanwata wannan tambayar taki ta taɓo wani abu da sunan Zariya ya shiga littattafan likitanci a kansa. A shekarun 1970 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello sun yi rubutu kan yadda ciwon zuciya ke yawan kama mata bayan haihuwa a nan, suka alaƙanta shi da kunun kanwa da zafin wanka da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Daga baya bincike ya nuna akwai wasu dalilan, irin su hawan jini lokacin ciki da rashin abinci mai gina jiki, to amma kanwa dai gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, zuciyar da ta riga ta gaji da ɗaukar ciki wata tara sai a ƙara mata kaya.

Kumburin ƙafa, haki in kin ɗan yi tafiya, kasa kwanciya sai an tara miki filo, tari da dare, waɗannan ba jego ba ne, ki je asibiti yau ɗin nan. Ita kuma Inna ba faɗa za ki yi da ita ba, ita a ganinta gata take miki. Ki sa maigidan ya ce mata likita ne ya hana kanwa, ruwa kuma a sirka shi, an yi wankan an kuma tsira. Maza ku ma ku riƙa shiga wannan maganar, ba sayen rago da itace ne kaɗai aikinku ba.

Wani abin da ba a faɗa, mai jego ta yi ta kuka ba dalili, ta ji ba ta son ɗaukar jaririn, ta ƙi barci. In na kwana kaɗan ne yakan wuce, in ya haura sati biyu ciwo ne mai magani, ba aljanu ba, ba kuma rashin godiya ba.

Tunani ya min yawa, ba na barci, ba na jin daɗin komai. Na faɗa wa wani ya ce rashin tawakkali ne.

Allah ya yafe masa, da ka ce masa ƙafarka ta karye ai ba zai ce rashin tawakkali ba ne. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 na ga magidanta da yawa sun canza, mutumin da ke ajiye buhu ya koma awon kwano, ga kuɗin makaranta ga haya ga 'yan uwa daga ƙauye kowa shi yake kallo, shi kuma ba shi da wanda zai faɗa wa don kada a ce ya gaza. Irin wannan sai ya zo asibiti ya ce ƙirjinsa na zafi, kansa kamar ana tafiya a ciki, a yi gwaji duka ba a ga komai ba. Damuwa ce ta fito ta jiki.

Ɓacin rai na kwana biyu kowa na yi. Amma in ya kai sati biyu kusan kullum, ba barci ko barci ya yi yawa, abinci ya fita a rai, abin da ka saba so ya daina burge ka, kana jin kai ba komai ba ne, wannan ciwon damuwa ne kuma ana warkewa. Akwai sashen likitocin ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na ABU, akwai kuma babban asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa Kaduna. Na san da an ce Barnawa sai gaban mutum ya faɗi, wai asibitin mahaukata, alhali yawancin masu zuwa da ƙafarsu suke zuwa su ga likita su karɓi magani su hau mota su dawo gida. Maganin yakan ɗauki sati biyu zuwa huɗu kafin a fara jin canji, kada a yar da shi a kwana uku. A farkon 2023 ma an sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta ba masu wannan lalura haƙƙin a kula da su da mutunci.

Addu'a da azkar da ruƙiyya ba wanda ya hana ka, ni ma ina yi. A haɗa ne, kamar yadda mai ciwon suga ke addu'a yana shan maganinsa. Ka kuma samu mutum ɗaya tak da za ka faɗa wa gaskiya, ka riƙa fita kana taka ƙasa ko da daga gida zuwa masallacin da ya fi nisa ne, wayar nan kuma a ajiye ta awa ɗaya kafin kwanciya.

In kuwa wani naka ya fara cewa gara ya mutu ya huta, kada a ce wasa yake ko a rufe shi da wa'azi. A tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, tambayar ba ta sa mutum ya aikata. A kwashe fiya-fiya da maganin feshi da tarin magunguna daga inda hannunsa zai kai, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.

Baba ne ke tambaya: ɗana ya fara shaye-shaye, an ce in kai shi gidan mari.

Baba ka yi haƙuri, ni ba zan ba ka wannan shawarar ba. A Satumban 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300 daga wani irin gidan nan a Rigasa, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon duka. Sarƙa tana hana shi fita ne kawai, ranar da aka kwance shi ya koma, wannan karon da ƙiyayyarka a zuciya.

Gwamnati ta hana shigo da maganin tari mai kodin da haɗa shi tun Mayun 2018, amma kowa ya san ba a daina sha ba, ga tiramol ga roci ga wiwi ga sholisho, kuma ba maza kaɗai ba, har matan aure a cikin ɗaki a wajen biki ake koya musu. Alamun da za ka lura da su: barcin rana mai nauyi, magana na jan baki, kuɗi da ƙananan kaya na ɓacewa a gida, sababbin abokai da ba ya so ka gani. Ka same shi lokacin da yake cikin hankalinsa, kai da shi, ba a gaban ƙannensa ba. Wanda ya daɗe yana shan irin su roci in aka tsayar masa lokaci ɗaya yana iya jijjiga, tiramol kuma yawansa ma na kawo jijjiga, shi ya sa ake so a yi a hannun likita. Hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ba kamu kaɗai take yi ba, tana da ɓangaren ba da shawara da gyaran hali. Kuma ka sa a ranka zai iya komawa sau ɗaya ko biyu kafin ya tsaya, wannan ba ya nufin aikin ya lalace. In ya dawo a sama masa abin yi, ko ɗinki ko gyaran waya a unguwar PZ, zaman banza ne ke mayar da su.

'Yata 'yar shekara 13 ta dame ni sai na saya mata babbar waya.

Ni a gidana ƙarama mai tocila na ba su, babbar ta gida ce ana amfani da ita a falo, da dare kuma a ɗakina take kwana. Ba zan ce kowa ya yi haka ba. Amma duk wanda ya miƙa wa yaro waya da data ya sani ya buɗe masa ƙofar da ba ta bi ta zaure. Abu biyu za ki nanata mata: hoton da ya fita ba ya dawowa, kuma in wani ya tsorata ta da hoto ko ya ce ta turo, ta zo ta faɗa miki ba za ki doke ta ba. Masu wannan aika-aikar da tsoron iyaye suke cin kasuwa. Sai dai fa Hajiya in ke ma TikTok kike har sha biyun dare, wa'azin ba zai shiga ba.

An kira ni wai daga banki, za a rufe min asusu in ban karanto lambar da aka turo ba.

Kashe wayar. Banki ba ya tambayar lambar sirri ko lambar da ya turo maka ko lambobin jikin kati. Haka masu cewa za a saka ka a guruf ɗin tallafi ko taron ƙungiya ka karanto lamba 6 da ta shigo, WhatsApp ɗinka za su ƙwace su bi 'yan uwanka suna roƙon kuɗi da sunanka. Ka shiga saitin ka sa makulli na biyu. In waya ta ɓace, banki za ka fara sa wa su toshe asusu, sannan ka toshe layin, kafin ka fara cigiya.

Caca ta waya da bashin manhaja kuwa, na ga ɗalibai a Samaru da Kongo sun zuba kuɗin rajista a ciki. Masu bashin nan in ka makara sai su bi lambobin wayarka suna tura wa surukanka saƙo. A faɗa wa babba a gida tun bashin yana ƙarami.

Janareta a baranda ko cikin zaure saboda ɓarayi, akwai matsala?

Akwai babba. Hayaƙinsa na ɗauke da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, mutum na barci zai wuce, gida guda ake rasawa a dare ɗaya. A waje zai zauna nesa da taga, a yi masa keji da kwaɗo. Gawayi a kasko cikin ɗaki a rufe lokacin hunturu shi ma iskar ɗaya ce. In mutanen ɗaki suka tashi duka da ciwon kai da jiri, a fito waje a buɗe ko'ina.

Gas kuma in kin ji warinsa kada ki kunna fitila kada ki kashe, kada ki ƙyasta ashana, rufe kan silinda ki buɗe ƙofa da taga. Ana gwada yoyo da ruwan kumfa ne, ba da wuta ba. Fetur a jarka cikin ɗaki, da kananzir a gorar lemo inda yaro zai ɗauka ya sha, duk a daina. In yaro ya sha kananzir kada a sa shi amai. Ƙuna kuma ruwan famfo mai sanyi za a yi ta zubawa kamar minti 20, ba man goge baki ba ba ɗanyen ƙwai ba.

Maganar satar mutane ta hana ni sakewa, har yara na so in cire daga makaranta.

Tsoronki ba na banza ba ne, mun ga abin da ya faru a kwalejin Nuhu Bamalli a Yunin 2021, kuma unguwannin bakin gari sun sha fama. Amma cire yaro daga makaranta wata asarar ce. Abin da ke hannunmu shi za mu yi: yaro ya haddace lambar wayar uba ko uwa, a san mai a-daidaita ko ɗan acaɓan da ke kai su kuma a san gidansu, makaranta ta san wanda aka yarda ya ɗauko su, a kuma koya musu ko wa ya ce Abba ne ya aiko ni kada su bi. A daina sanya hoton yara da rigar makaranta a Facebook, a daina shelar an sayar da gona ko za a yi tafiya. Lambar gaggawa 112 ce, ta jami'an kiyaye haɗurra 122, amma ki ajiye ta mai unguwa da 'yan sintirin layinku don su ne kusa.

Sai jita-jita. Muryar nan da ake turowa, wai ga su nan sun shigo ta Dogarawa kowa ya gudu, ba suna ba rana, wani lokacin ta shekara biyu ce ake sake yaɗawa. Kafin ki tura, kira wani da ke unguwar. Bidiyon gawa kuma a daina kallonsa a gaban yara, su ma suna kwana da shi.

Wani na kusa ya taɓa yarinya, dangi sun ce a rufe don kada ta rasa miji.

Wanda aka rufa wa asiri gobe wata zai taɓa, galibi a gidan dai. Kafin komai a kai ta asibiti, kada a yi mata wanka kada a wanke kayan. Maganin kariya daga cutar HIV cikin awa 72 yake aiki, in an wuce shikenan. Akwai cibiyar Salama a asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, aikinsu ke nan kuma suna riƙe sirri. Jihar Kaduna ta tsananta hukuncin fyaɗe a 2020. Yarinyar kuma ta ji daga bakin uwarta cewa an yarda da ita kuma ba laifinta ba ne, yaro namiji ma haka, don su ma ana yi musu.

Mun daidaita, sai gwaji ya nuna ni AS ita AS.

AS na nufin kowannenku na ɗauke da ƙwayar gadon sikila ko da ba shi da ciwon, don haka kowane ciki akwai kaso 25 cikin 100 ya zo da sikila, wato SS. Kowane ciki fa, ba wai ɗaya cikin 'ya'ya huɗu ba, kuna iya haifar uku a jere duka SS, kuna iya kuma ba ku samu ko ɗaya ba. Hukuncin naku ne, amma ku je ku zauna da uwar mai sikila ta ba ku labarin dare ɗaya tukuna. Ku sake gwajin a wani asibitin gwamnati don ana samun kuskure. Samari kuma ku riƙa yi tun kafin a kai gaisuwa, ba sai an sa rana an haɗa lefe ba.

Duk wannan da kake faɗa kuɗi ne, mu kuma babu.

Gaskiya ne, ban musa ba. Rigakafin yara kyauta ne, awon ciki a asibitin unguwa ya fi Shika sauƙi nesa ba kusa ba, kuma ba kowane ciwo ne sai Shika ba, a fara da na kusa su tura ka in ya fi ƙarfinsu. Akwai hukumar inshorar lafiya ta jiha, KADCHMA, ba ma'aikatan gwamnati kaɗai take ɗauka ba, ɗan kasuwa da mai sana'a ma na iya shiga, ka je ka tambayi nawa ne a shekara da asibitin da za a haɗa ka da shi. A layinmu kuma matan sun ware wani ɗan adashi daban wanda ba a taɓa shi don biki ko anko, sai ciwo ko haihuwa, kuma mun rubuta sunan masu mota biyu da mai a-daidaita ɗaya da suka yarda a buga musu ƙofa ko ƙarfe biyun dare ne. Takardar tana manne a bangon zauren mai unguwa.